Me ke kashe fitilun birki a manyan motocin jif?

Fitilar birki na daga cikin ƙananan kayayyakin da ke jikin mota, amma idan ta mutu, direban da ke riƙe da sitiyari shi ne yakan zamo na ƙarshe da zai sani.

Wannan ne ya sa hukumomin kiyaye haɗurra ke ɗaukar matsalar da muhimmanci, musamman a manyan motocin nan ƙirar jif. A Amurka, inda aka fi ƙera irin waɗannan motoci da kuma hawansu, an sha tilasta wa kamfanoni su kira motocin da suka sayar domin gyara fitilun baya.

Sai dai wasu daga cikin waɗannan motoci idan suka tsufa a kan yi safararsu zuwa wasu ƙasashe, ciki har da na Afirka ta Yamma, inda sanarwar gyaran ba ta isa ga sabon mai motar.

Abin da ya sa jif ta fita daban

Alƙaluman hukumar kula da lafiyar motoci a manyan hanyoyin Amurka, NHTSA, sun nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na haɗurran mota a ƙasar, karo ne da wata mota ke yi wa wata ta baya.

Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a ɗaya tana cin tazarar kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ke nan idan direban baya ya makara da daƙiƙa ɗaya tak wajen gane cewa na gabansa ya taka birki, ya riga ya shafe tsawon motoci biyar ko shida kafin ma ya ɗaga ƙafarsa daga totur.

Wanda ke bin ƙaramar mota yakan iya hango abin da ke gaba ta gilashinta ko ta samanta. Amma motoci irin su Chevrolet Suburban da Ford Expedition, waɗanda nauyinsu ya kai tan biyu da rabi, tsayinsu da faɗinsu na tare wa na baya hanya baki ɗaya. Babu abin da ya rage masa illa ya dogara da jan hasken da ke gabansa.

Yadda fitilun ke aiki

A yawancin tsofaffin motoci, ƙwan fitila guda ne ke yin ayyuka biyu, domin zare biyu ne a cikinsa.

Na farko mai ƙarfin wat 5 ne, wanda ke kamawa da zarar an kunna fitilun dare, shi ne kuma direbobi ke kira danja. Na biyu mai ƙarfin kimanin wat 21 ne, ba ya kamawa sai an taka birki. Bambancin ƙarfin hasken biyu ne ke sanar da na baya cewa motar na rage gudu.

Wutar na tasowa ne daga batir, ta bi ta fiyus, ta isa wani ɗan makunni da ke manne a saman matakin birki, kana ta bi wayoyi zuwa bayan mota. Daga nan sai ta koma batir ta jikin ƙarfen motar.

Duk inda aka sami tangarɗa a wannan zagaye, fitilar za ta ɗauke. Kuma tun da zaren danja na iya ci gaba da aiki bayan na birki ya ƙone, mai mota zai iya zagaya motarsa da daddare ya ga jan haske, ya ɗauka komai lafiya.

Zafi da girgiza

Ɗaya daga cikin manyan misalan wannan matsala ya faru ne a shekara ta 2004, lokacin da kamfanin General Motors ya kira motoci fiye da dubu 800 domin gyara. Motocin sun haɗa da Chevrolet TrailBlazer da GMC Envoy da Oldsmobile Bravada na shekarun 2002 zuwa 2004, da kuma Buick Rainier.

Bayanin da aka bayar shi ne, zafi da girgizar hanya na sa ƙwan fitilar ya yi sako-sako a mazauninsa. Daga nan sai ya riƙa ƙyaftawa, ƙarshe ya mutu, a rasa fitilar birki da danja a wannan ɓangare lokaci guda.

Shekaru uku kafin haka, a 2001, kamfanin ya kira kimanin rabin miliyan na motocin Chevrolet Blazer da GMC Jimmy da Bravada, a kan wani aibi na daban. A wancan karon laifin yana cikin makunnin da ke jikin sandar sitiyari, wanda ke sarrafa sigina da fitilun gargaɗi. A motocin Amurka da dama, wutar birki takan ratsa ta wannan makunni kafin ta isa baya, don haka idan ya lalace fitilun birkin hagu da dama kan ɗauke tare.

Baya ga waɗannan, manyan motocin jif na da wasu wuraren rauni na kansu. Wayoyin da ke shiga ƙofar baya suna lanƙwasawa duk lokacin da aka buɗe ta aka rufe, har su tsinke daga ciki. Mahaɗin wutar da aka tanada domin jan tirela kuma yana ƙasan mota ne, inda ruwa da laka ke sa shi tsatsa.

Ɗan makunni mai ayyuka da yawa

A da, aikin makunnin da ke kan matakin birki bai wuce kunna fitila ba. Amma a motocin zamani, kwamfutar mota na dogara da shi domin sanin ko direba ya taka birki.

An ga tasirin haka a watan Afrilun 2013, lokacin da kamfanonin Hyundai da Kia na Koriya ta Kudu suka kira motoci kusan miliyan ɗaya da dubu 700 a Amurka saboda wannan makunni. Cikinsu akwai motocin jif ƙirar Santa Fe da Tucson da Veracruz da Sorento da Sportage.

Kamfanonin sun bayyana cewa aibin na iya hana fitilun birki kamawa. Yana kuma iya hana giya fita daga mazaunin ajiye mota, ko ya hana mota tashi idan mai maɓallin dannawa ce. Mafi haɗari shi ne, na'urar da ke riƙe wa mota gudu ba tare da an taka totur ba tana iya ƙin sakin motar ko da an taka birki.

Domin kauce wa irin wannan haɗari ne kamfanin Ford ya sa wa motocinsa makunni na biyu a kan famfon man birki. To amma shi ma ya zo da tasa matsalar. Man birki kan tsiyaya ya shiga ɓangaren wutarsa, wanda a motoci da yawa yake ɗauke da wuta ko da an kashe inji, lamarin da ya sa wasu motoci suka kama da gobara suna ajiye.

Tsakanin shekarun 1999 da 2009, Ford ya kira motoci fiye da miliyan 14 a kan wannan makunni, ciki har da Expedition da Explorer da Lincoln Navigator.

Fitila ta uku

Fitilar nan da ake gani a tsakiyar saman gilashin baya ta samo asali ne daga wani gwaji da masanin halayyar ɗan Adam, John Voevodsky, ya gudanar a birnin San Faransisko a farkon shekarun 1970. Ya liƙa ƙarin fitila a bayan motocin tasi 343, aka kuma tarar cewa karon da ake yi musu ta baya ya ragu da kimanin kashi 60 cikin 100.

Amurka ta wajabta wannan fitila a ƙananan motoci tun daga ƙirar 1986, sannan a motocin jif da a-kori-kura daga ƙirar 1994.

Da mutane suka saba da ganinta, tasirinta ya ragu matuƙa. Wani nazari da hukumar NHTSA ta wallafa a 1998 ya gano cewa ragin da take kawowa ya tsaya a kashi 4 da ɗoriya cikin 100.

Duk da haka tana da wani amfani. Sau da yawa wayarta dabam take da ta sauran biyun, don haka takan ci gaba da aiki idan sun mutu, kamar yadda ya faru a motocin Blazer da Jimmy. Takan kuma taimaka wa mai gyara: idan ta sama na kamawa amma na gefe sun ƙi, to makunnin matakin birki lafiyarsa ƙalau, sai a nemi laifin a wani wurin.

Sababbin motoci yanzu sun koma amfani da fitilun LED, waɗanda ke kamawa da sauri fiye da ƙwai mai zare da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A gudun kilomita 100 wannan ya kai tazarar mita biyar. Matsalarsu ita ce idan suka lalace, galibi sai an sauya gidan fitilar gaba ɗaya, abin da ya fi sayen ƙwai guda tsada nesa ba kusa ba.

Wasiƙar da ba ta tsallaka teku

Tun bayan dokar da majalisar Amurka ta zartar a 1966, wajibi ne kamfanin da ya gano aibin da ke barazana ga rayuka ya sanar da masu motocin. A yau gyaran kyauta ne ga motar da ba ta haura shekaru 15 da sayarwa ba a lokacin da aka gano aibin.

Kamfanoni na aika wasiƙu ne ga mutanen da sunayensu ke cikin rajistar motoci ta jihohin ƙasar. Ba kowa ke kai motarsa ba, kuma dokar tarayya ba ta hana dillalan tsofaffin motoci sayar da wadda ba a gyara ba.

Da zarar an loda mota a jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano ko Lome, sunanta ya fita daga wannan rajista. Wanda ya saye ta a Kano ko Maraɗi ba zai taɓa samun wasiƙa ba, alhali aibin na nan yadda ya fito daga masana'anta.

Hanyoyin yankin kuma na ƙara tsananta lamarin. Zafin rana da ramuka su ne ainihin abubuwan da ke sassauta ƙwan fitila, ƙurar hunturu kuma na rage nisan da direba ke iya hangowa. Haka nan a kan sami masu gyaran da idan fiyus ya ƙone sai su ɗaura waya a gurbinsa, abin da ke iya ƙona wayarin mota ko ya tada gobara.

Abin da mai mota zai iya yi

Tun daga watan Agustan 2014, hukumar NHTSA ta buɗe wani shafi a intanet inda kowa zai iya shigar da lambar shasin mota mai haruffa da lambobi 17, kyauta, ya ga ko akwai wani gyaran da aka yi kira a kansa ba a yi ba. Ana samun lambar a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Shafin ya fi amfani ga motocin da aka fara sayarwa a Amurka, kuma bayanansa na shekaru 15 na baya ne.

Akwai kuma alamomin da mota ke bayarwa da kanta. Siginar da ke ƙyaftawa da sauri fiye da ƙima na nufin wani ƙwai ya mutu. Giyar da ta ƙi motsawa da safe na iya nufin makunnin birki ko fiyus ɗinsa ya lalace. Idan fitilun birki suka ƙi mutuwa har batir ya yi sanyi, sau da yawa ɗan robar da ke danne makunnin ne ya ruɓe ya faɗi. Idan kuwa taka birki na sa wasu fitilun su yi dishi-dishi, to wayar da ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota ce ta yi tsatsa.

Gwajin kansa bai wuce na minti ɗaya ba. Direba zai iya sa wani ya tsaya a baya yayin da yake taka birki, ko ya juya wa bango baya da daddare ya duba ta madubi. Ya kamata a yi haka sau biyu, fitilun dare a kashe da kuma a kunne, a tabbatar cewa duka ukun, na hagu da na dama da na sama, suna kamawa a kowane karo.