Geoffrey Coates: Masanin da ya ɗaura wa ɓawon lemo da iska aure

Idan ka matse ɓawon lemon zaƙi kusa da fuskarka, wani ɗan ruwa mai ƙamshi zai yi tsartuwa ya sa maka yaji a ido. Wannan ruwa mai ne, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari nasa wani sinadari ne da ake kira limonin. A shekarar 2004, Farfesa Geoffrey Coates da ɗalibansa a Jami'ar Cornell da ke jihar New York ta Amurka suka sarrafa wannan mai, suka haɗa shi da iskar kabon dayoksaid, sai ga roba mai tauri wadda ba daga man fetur aka samo kayan haɗinta ba.

Wuyar aikin tana ga iskar. Kabon dayoksaid ita ce abin da ke saura bayan itace ko fetur ya ƙone, ta riga ta ƙarar da ƙarfinta, ba ta son haɗuwa da komai. Sai an samo mata katalis. Shi katalis kamar mai dalilin aure yake: ya jawo wannan, ya jawo wancan, ya daidaita su, sannan ya zame ya nufi wasu, shi kuwa bai ragu da komai ba. Shi ya sa ɗan ƙanƙane ke isa ya ɗaura ƙwayoyi dubbai su zama doguwar sarƙa, wadda ita ce roba.

Tun a 1969 Shohei Inoue na ƙasar Japan ya nuna cewa haɗa wannan iska da wani sinadari a sami roba zai yiwu, amma katalis ɗin lokacin yana da nawa ƙwarai. Coates, wanda ya fara koyarwa a Cornell a 1997, ya ƙera nasa da zinki, ƙarfen nan da ake shafe kwanon rufi da shi don kada ya yi tsatsa. Ya yi wa ƙwayar zinkin wani irin keji da aka san fasalinsa ciki da waje, ta yadda idan an ɗan gyara kejin sai aikin ya ƙara sauri ko robar ta sauya hali. Maimakon lalube a duhu, sai aka koma ƙira da ido biyu.

Ya kuma yi aiki kan robar PLA, wadda ake yi daga sinadarin laktik, shi ne dai abin da ke sa nono tsami, amma a masana'anta daga sitacin masara ake samo shi. Ƙwayoyin laktik ɗin iri biyu ne, kamar hannun dama da na hagu, kuma yadda aka jera su shi ke sa robar ta jure zafi ko ta yi saurin laushi. Katalis ɗin Coates na iya jera su bisa tsarin da ake so.

Binciken bai tsaya a ɗakin gwaji ba. A 2004 ya shiga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Novomer, kuma a 2016 kamfanin mai na Saudiyya, Aramco, ya sayi fasaharsu ta yin sinadaran soson katifa, fenti da gam daga iskar kabon dayoksaid, a cinikin da ya kai kusan dala miliyan 100.

Sai dai a yi hattara da kalmar "mai ruɓewa" da ake kiran roba irin PLA da ita. PLA na buƙatar wurin haɗa taki mai zafin kusan digiri 60 da danshi kafin ta ruɓe. Idan ta faɗa kwata ko tumbin akuya, za ta daɗe tana nan. Duniya na yin roba fiye da tan miliyan 400 a shekara, kashi 9 cikin ɗari kacal na shararta ake sake sarrafawa. Masana irin su Coates sun nuna cewa tun wajen ƙera roba ake iya tsara yadda za ta ƙare. Kwashe ta da kai ta inda za ta ruɓe kuwa, wannan nauyi yana wuyan hukuma da mai shago da mai cefane.