Yashin da Teku Ke Ci: Darasin Bar Beach ga Garuruwan Gaɓar Najeriya

Duk wanda ya yi aikin gwamnati a Legas kafin a mayar da babban birni Abuja a 1991 ya san Bar Beach. Nan iyalai ke shan iska ranar Lahadi, nan kuma titin Ahmadu Bello ya bi ta gaban ofisoshin hulɗa na jihohi a unguwar Victoria Island. Ya kuma san cewa idan teku ta yi fushi, ruwa kan tsallake titin ya shiga harabar gidaje. Yau babu wannan gaɓa. A gurbinta an cike teku an kafa sabon birnin Eko Atlantic. Sai dai labarin yadda aka shafe shekaru kusan hamsin ana zuba yashi don ceto ta bai tsufa ba, domin Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 850, kuma garuruwa da dama a kanta na cikin halin da Bar Beach ta shiga.

Gaɓar teku ba ta tsaye wuri ɗaya. A mashigin tekun Gini, igiyar ruwa na dukan gaɓa a karkace, tana tura yashi daga yamma zuwa gabas, dare da rana. Muddin abin da ke shigowa ya yi daidai da abin da ke fita, gaɓar na nan yadda take. Wannan ma'auni ne ya lalace a Legas tsakanin 1908 da 1912, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen katangu na duwatsu a bakin mashigar tashar jiragen ruwa, don kada yashi ya toshe hanyar jirage. Katangun sun yi aikinsu. Yashi ya taru a ɓangaren yamma, gaɓar can ta yi ta faɗi, yayin da Bar Beach da ke gabas ta rasa mai ciyar da ita. Teku ta ci gaba da kwasa, babu mai mayarwa, har ta cinye fiye da kilomita ɗaya na ƙasa.

Tun daga 1958 hukumomi suka koma ga maganin da ake amfani da shi a ƙasashe da dama. Jirgin yasa kan tsotso yashi daga ƙarƙashin teku, a turo shi ta manyan bututu zuwa gaɓa, katafiloli su baje shi. Faffaɗan rairayi na karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa titi ko gida, kuma ba ya hana yashi wucewa zuwa maƙwabta kamar yadda katangar dutse ke yi. An maimaita aikin sau da dama cikin shekarun da suka biyo baya, kowane karo teku ta kwashe abin da aka zuba. Mutanen gari suka ɗauki abin a matsayin zuba kuɗi a ruwa.

Injiniyoyin gaɓar teku suna kallonsa ta wata fuska. A wurinsu, tafiyar yashin ba alamar gazawa ba ce, domin an zuba shi ne don teku ta ci shi maimakon ta ci gari. Matsalar Bar Beach ita ce ba a yin aikin sai ruwa ya riga ya hau titi, sannan a nemo kuɗin gaggawa, a zuba, a manta har sai wata ambaliyar.

Ƙasar Holan, wadda wani babban ɓangarenta ke ƙasa da matakin teku, ta bi wata hanya. A 1990 gwamnatinta ta ja layi a taswira ta ce gaɓar ƙasar ba za ta ja baya ta wuce nan ba. Kowace shekara ana auna gaɓar, a zuba miliyoyin kubik mita na yashi inda ta rame, kuma kuɗin na cikin kasafi kamar albashi. A 2011 suka gwada sabon salo kusa da birnin Hague: aka jibge kubik mita miliyan 21.5 a wuri ɗaya, aka bar iska da igiyar ruwa su rarraba shi a tsawon gaɓa cikin kimanin shekara ashirin. Maƙwabtan Najeriya ma sun ɗauki darasin. Togo da Jamhuriyar Benin sun yi aikin haɗin gwiwa na zuba yashi da gina katangun tare shi a kan iyakarsu, ƙarƙashin wani shirin Bankin Duniya na kare gaɓar Afirka ta Yamma.

Legas ta zaɓi dutse. A 2008 aka fara aikin Eko Atlantic, wanda kamfani mai zaman kansa ke gudanarwa tare da gwamnatin jiha, aka kuma kafa wata doguwar katanga ta duwatsu da tubalan kankare masu nauyin tan biyar-biyar, wadda aka tsara tsawonta ya kai kilomita 8.5. Victoria Island ta samu sauƙi. Amma a watan Agustan 2012 igiyar ruwa ta afka wa gaɓar Kuramo da ke kusa, ta yi sanadin mutuwar mutane, kuma mazauna Okun Alfa da sauran ƙauyukan yankin Lekki sun daɗe suna kukan cewa zaizayar ta dawo ƙofarsu. Masu aikin sun musanta cewa su ne sanadi. Gwamnatin jiha dai ta shiga gina gajerun katangu a gabas don tare yashi.

Inda ƙasa ba ta da tsadar ta Victoria Island, labarin ya fi muni. Garin Ayetoro na Ƙaramar Hukumar Ilaje a Jihar Ondo, wanda wata ƙungiyar mabiya addinin Kirista ta kafa a 1947, ya taɓa yin suna wajen kamun kifi da ƙera jiragen ruwa. Yanzu teku ta haɗiye tituna da gidaje da makarantu. Hukumar Raya Yankin Neja Delta ta ba da kwangilar kare garin a 2004, aka sake bayarwa a 2009, har yau mazauna na jiran kariyar. Gaɓar Ayetoro ta laka ce, ba ta rairayi ba, don haka abin da ya dace da Legas ba lallai ya dace da ita ba. Kowane yanki na bukatar a auna shi kafin a zana masa magani.

Akwai kuma batun inda yashin zai fito. Madatsun ruwa irin na Kainji a kan kogin Neja da Akosombo a kan kogin Volta na Ghana suna riƙe laka da yashin da a da ke gangarawa teku. A Legas, masu haƙar yashin gini na kwasar abin da ya rage daga tafkuna da bakin gaɓa. Jihar da ke sayen yashi don cike gaɓa alhali tana barin a haƙe shi a gefe, tana ɗinki ne wani na farkewa.

A nan batun ya iso teburin ma'aikacin Abuja. Tun 1981 Najeriya ke da Asusun Kula da Muhalli, wanda ake ware masa kaso daga asusun tarayya don magance zaizaya da ambaliya da kwararowar hamada. Tsarin kasafin ƙasar ya fi son aikin da za a kammala a yanke ƙyalle. Zuba yashi kuwa ba shi da ranar kammalawa: yana bukatar awo na shekara-shekara, da kuɗin da aka tanada tun kafin ruwa ya hau titi, da hukuma ɗaya da za a tuhuma idan gaɓa ta ja baya. Eko Atlantic ya samu masu zuba jari domin filin da aka ceto zai biya kansa. Ayetoro da ƙauyukan masunta irinsa ba su da wanda zai saye su, sai dai layin da wani jami'i zai rubuta musu a kasafin baɗi, ya kuma sake rubutawa a shekarar da ke biye.