Ko Kun Sani? Haƙorin da Ba Ya Jiran Famfara

Yaro na da haƙoran yarinta 20, babba kuma 32. Wajen shekara 6, daidai lokacin shiga aji ɗaya a firamare, turame huɗu na dindindin kan tsiro can ƙuryar baki ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Iyaye da yawa kan ɗauka su ma za a yi famfararsu. Ina! In suka lalace, babu madadinsu.

Yawan maimaita zaƙi ne ke cinye su. Duk sanda yaro ya tsotsi alawa, ƙwayoyin cuta na baki kan mai da sukarin sinadari mai tsami da ke zaizayar haƙori na kimanin minti 20 zuwa 30. Ɗalibin da ya sayi mazarƙwaila lokacin tara, ya riƙa gutsura har a tashi, ya fi wanda ya cinye tasa lokaci guda cutuwa.

Iyaye, a sa yara goge baki safe da dare da man goge baki mai fuloraid, kuma buroshi ko aswaki ya kai can ƙurya. Na dare ya fi muhimmanci, domin yawu na raguwa in an yi barci.