Yamai: Yadda ake zaɓen na'urar sanyaya man bwat ga a-kori-kurar da ke jan kaya

A unguwar Banifandou, kamar sauran unguwannin Yamai, mai a-kori-kura ba ya rasa aikin ja. Yau tankin ruwa ne a kan remok zuwa wurin gini, gobe injin wuta, jibi kuma raguna daga kasuwar Balleyara ta ranar Lahadi zuwa Tourakou, musamman in sallar layya ta ƙarato. Da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su yanzu masu giya otomatik ne, kuma a watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan haura digiri 40. In nauyi ya haɗu da wannan zafi, abin da ke fara jin jiki shi ne akwatin giya, wanda makanikai ke kira bwat. Gyaransa na cikin mafi tsada a mota, shi ya sa masu jan kaya ke ƙara wa motocinsu ƙaramin radiyata na sanyaya man bwat.

Daga ina zafin yake fitowa?

Tsakanin inji da bwat otomatik akwai wani kwano cike da mai, konbertisa, wanda ke miƙa ƙarfin inji ta hanyar juya man. Duk lokacin da mota ke tashi da nauyi, ko tana nitso cikin rairayi, ko tana tafiyar tsaya-tafi a cunkoso, man nan yana dakuwa, ƙarfin da bai isa taya ba kuma ya koma zafi. Man bwat ya fi aiki lafiya tsakanin digiri 80 zuwa 95. A ƙiyasin da masu sana'ar suka saba amfani da shi, duk ƙarin kusan digiri 10 bisa haka yana rage rabin kwanan man. In ya kai wajen 120, man yakan fara ƙonewa, robobin da ke hana yoyo su taurare, daga nan giya ta fara sulɓewa.

Galibin motoci suna zuwa da ƴar hanyar sanyaya mai a cikin babban radiyatan ruwa. Ta wadatar ga mota marar kaya. Amma da rana tsaka, da remok a baya, ruwan injin kansa ya yi zafi, saboda haka abin da zai iya ɗauke wa man kaɗan ne. Mota mai giyar hannu ba ta da wannan matsala, a wurinta faifan kuloci ne ke shan wahala.

A auna kafin a saya

Matakin farko shi ne a san halin da motar take ciki. Wasu motocin, irin waɗanda aka ƙera domin ja, sun riga sun zo da radiyatan mai a gaba, sai a leƙa bayan ragar gaban mota a duba. Na biyu, makaniken da ke da na'urar bincike ta kwamfuta zai iya karanta zafin man a yawancin motocin zamani yayin da ake tafiya da kaya. In zafin yana yawan wuce 100, ko fitilar gargaɗin zafin man bwat ta taɓa kamawa, to akwai buƙata. A duba man ma: lafiyayye ja ne garau, wanda ya koma ruwan ƙasa da warin ƙuna ya riga ya lalace, kuma sabon radiyata ba zai maido shi ba sai an yi juye.

Iri uku ne a kasuwa

Na farko bututu ne guda da ya yi lanƙwasa cikin siraran fikafikan ƙarfe. Shi ne mafi araha, kuma shi ne mafi rauni wajen sanyayawa. Na biyu mai faranti da fikafikai ne, yana rarraba man ta ƙananan hanyoyi da yawa, don haka ya fi na farko aiki ko da girmansu ɗaya. Na uku faranti ne da aka jera bisa juna, ya fi kauri da ƙarfi, ya fi jure tsakuwa da girgizar hanyar jar ƙasa. Ga mai jan kaya kullum a zafin Nijar, na ukun ya fi dacewa, in bai samu ba ya ɗauki na biyu.

Girma kuwa nauyi ne ke yanke shi. A haɗa nauyin mota, da kayan da ke bayanta, da remok tare da abin da ya ɗauka. Kamfanonin Amurka irin su Hayden, Derale da B&M sukan rubuta nauyin da na'urar ke iya ɗauka da awon fam, kilo ɗaya kuma kusan fam 2.2 ne. Misali, motar da ta kai tan 3 da kayanta, tana jan remok mai tan 2, jimilla tan 5 ke nan, wato fam 11,000. Tun da yanayinmu ya fi na can zafi, gara a ɗauki wadda ke sama da wannan adadi, muddin za ta shiga gaban motar ba tare da ta toshe wa babban radiyata iska ba. Wanda aikinsa ya fi yawa cikin lungunan rairayi, inda mota ba ta gudu balle iska ta bugo, ya nemi mai fanka ta lantarki a jikinta.

A yi hattara da na hannu. A kasuwar kayan gyaran mota ana samun radiyatan mai da aka ciro daga wata mota, da sauƙin kuɗi. In bwat ɗin waccan motar ya mutu ne, ɓarɓashin ƙarfe na nan maƙale a ciki, wanki ba ya fidda shi duka, kuma zai bi mai ya shiga bwat ɗinka. Arahar nan ba ta kai asarar bwat ba.

Wurin ɗaurawa

Na'urar tana zama ne a can gaba, kafin radiyatan kilim, inda iska ke fara bugowa. Tsarin da aka fi bi shi ne man ya fito daga bwat, ya ratsa babban radiyata, ya shiga sabuwar na'urar, sannan ya koma bwat. A yi amfani da tiyon da aka yi domin man bwat, mai faɗi daidai da na motar, galibi milimita 8 ko 10. Tiyon ruwa ko na fetur zai yi laushi ya fashe, kuma bwat da man sa ya tsiyaye a hanyar Dosso ba ya daɗewa. A ɗaure da ƙarfe, a nisanta tiyo daga salansa da duk wani kaifi. Bayan haka a cika man da na'urar ta shanye, da irin wanda littafin motar ya ambata: a motocin Toyota yawanci WS ne ko T-IV, kuma ba a musanya su.

Ƙura ma abokiyar gaba ce. Lokacin hunturu fikafikan sukan cushe, sai a riƙa hure su da iska ko a wanke da ruwa marar ƙarfi.

Abin da na'urar ba ta yi

Ba ta ƙara wa mota ƙarfin ja. Sababbin Hilux mafi ƙarfi iyakarsu kilo 3,500 in remok yana da birkinsa, kilo 750 kacal in ba shi da shi, kuma tsofaffi ba su kai haka ba. Wanda ya wuce iyakar motarsa, ko man ya yi sanyi, birki da sasi ne za su biya. Direba kuma yana da nasa rabo: ya sauko da giya ɗaya in ya ji mota tana ta sauyi tsakanin manyan giyoyi, ya yi tafiya mai nauyi da sassafe, in fitilar gargaɗi ta kama ya tsaya gefe ya bar inji yana aiki har man ya huce.