Tsabtace Rim ɗin Keke a Nima da Maamobi

Nima da Maamobi unguwanni ne biyu maƙwabtan juna a birnin Accra, wanda Hausawa suka daɗe suna kira Ankara. Mazaunansu sun fito daga wurare dabam-dabam, kamar arewacin Ghana da Nijeriya da Nijar da Burkina Faso da Mali da Togo, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da cikin lungu. Unguwannin cike suke da jama'a. Lungunansu matsattsu ne, kwatoci da yawa a buɗe suke, wasu hanyoyin kuma suna gangarawa zuwa babbar kwatar da ke kai ruwa kogin Odaw. Mai keke a irin wannan wuri bai san lokacin da yaro zai fito da gudu daga wani gida ba, ko lokacin da tro-tro zai ci birki a gabansa don ɗaukar fasinja. Saboda haka ya fi bukatar birki mai kyau a kan feda mai sauri.

Yawancin mutane in birkin kekensu ya ƙi ci, sai su ce waya ce ta saki, ko kuwa roba ce ta cinye. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa laifin yana jikin rim, wato zoben ƙarfen nan da ake ɗora taya a kansa. Ƙarfin hannu ba shi ke tsayar da keke ba. Abin da ke tsayar da shi shi ne gugar da robar birki ke yi a jikin rim. In wani abu ya shiga tsakanin roba da rim, ko mutum ya matse birki iya ƙarfinsa, keke zai ci gaba da tafiya.

Kekuna iri biyu

Kafin a fara wanki, ya kamata a san inda roba ke taɓa rim, domin kekuna ba iri ɗaya ba ne. Akwai tsohon yayi, irin su Raleigh na Ingila da Phoenix na ƙasar Sin. Birkinsu na sandar ƙarfe ne, kuma robar tana kama rim ta ciki, kusa da inda wayoyin ƙafar keke suka shiga. Rim ɗinsu na ƙarfe ne mai ƙyalli. Yana da ƙwari, amma in ya jiƙe yana da santsi ƙwarai, kuma yana yin tsatsa. Accra kuwa a bakin teku take, iskarta da laima da gishiri, don haka tsatsa ba ta jinkiri.

Iri na biyu su ne kekunan da aka riga aka hau a Turai ko Amurka ko Asiya, ake shigo da su ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Wata ƙungiya mai suna Village Bicycle Project ma ta fara aiki a Ghana a shekarar 1999, tana kawo irin waɗannan kekuna tana koya wa mutane gyaransu. Yawancinsu birkin waya gare su, robar tana matse rim ta gefe biyu, kuma rim ɗin na alminiyam ne. Alminiyam ba shi da nauyi, ya kuma fi ƙarfe riƙe roba a cikin ruwa. Aibinsa ɗaya: yana da laushi, yana cinyewa.

Abin da ke ɓata rim

Datti iri biyu ne, kuma ɓarnarsu ta bambanta. Na farko shi ne maiƙo. Mutum ya zuba wa kaca baƙin mai ya yi yawa, sai man ya ɗiga a rim ɗin baya. Ko kuwa ya bi ta gaban garejin bakanike, ko ta ruwan wanke-wanke da aka watsar a lungu. Maiƙo yana sa roba ta zame maimakon ta kama, wani lokaci har da ƙara mai tsinka kunne.

Na biyu shi ne yashi da ƙura. Accra tana samun ruwan sama sau biyu a shekara: babbar damina daga wajen watan Afrilu zuwa Yuli, da ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. In kwatoci suka cika suka yi ambaliya, sukan bar laka da yashi a kan hanya. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hunturu yakan kawo ƙura. Yashin nan yakan nutse cikin robar birki ya zauna. Daga nan robar ta zama kamar samfefa, duk lokacin da aka ja birki sai ta kankare alminiyam kaɗan. Baƙin ruwan nan mai kama da toka da ake gani yana bin rim bayan an yi tafiya cikin ruwan sama, ba laka kaɗai ba ce: garin rim ne da garin roba.

Yadda ake wankewa

Kayan aikin ba su da tsada: bokitin ruwa, ɗan sabulun wanke kwano, soso mai laushi, tsumma biyu masu tsabta, allura ko siririyar ƙusa, guntun samfefa, da sifirit irin wanda ake sayarwa a kemis.

Da farko a kife keke a kan sirdinsa, ko a rataye shi yadda ƙafar za ta juya. A saki birki don roba ta ja baya. A zuba ruwa zalla a kori yashi tukuna, domin in aka fara da guga, yashin ne zai karce rim. Bayan haka a wanke da soso da ruwan sabulu, ana juya ƙafar a hankali har a dawo inda aka fara. Kan bawul ɗin da ake buga iska ya isa alama. A ɗauraye sosai, don sabulun da ya bushe a jikin rim shi ma yana sa santsi. Sai a tsane da tsumma na farko. A jiƙa na biyu da sifirit a goge inda roba ke kamawa, ana sake wurin tsumman har ya daina fitowa da baƙi. Amfanin sifirit shi ne yana narkar da maiƙo, ya bushe bai bar komai ba.

Kada a yi amfani da kananzir ko man dizal ko WD-40. Suna sa rim ya yi ƙyalli kamar sabo, amma suna barin maiƙo, wato sun ƙara cutar da ake neman magancewa. In rim na ƙarfe ne kuma ya fara tsatsa, a goge tsatsar da soson ƙarfe mai laushi, amma kada a shafa masa mai bayan haka.

Wanda ya wanke rim ya bar roba ya yi rabin aiki ne. A duba fuskar robar, a tsince tsakuwa da ɓurɓushin ƙarfe da allura. In fuskar ta yi sulɓi tana sheƙi, a goga ta a kan samfefa har sheƙin ya tafi. In layukan da ke jikinta sun shafe, ta ƙare ke nan, sai sabuwa. In an mayar da ita, a tabbata ta zauna daidai a kan rim, ba ta taɓa taya ba.

Abin da ido zai gani bayan wanki

Wanki yana da wani amfani kuma: yana tona asirin rim. A ɗora wani abu miƙaƙƙe, kamar rula, a gefen rim ɗin alminiyam. In an ga tsakiyar ta loma kamar cokali, rim ya ci. Kaurin gefen sabon rim yakan kai wajen milimita 1.5. In ya ragu ƙasa da milimita 1, akwai haɗari, domin iskar da ke cikin taya tana tura gefen waje, kuma yana iya tsagewa ana cikin tafiya. Wasu kamfanoni sukan yi ɗan rami ko layi a gefen rim don gargaɗi. Ranar da alamar ta shafe, sai a kai wa mai gyara ya sake rim.

Ko rim yana da tsabta, ruwan sama yana rage masa kamu. Roba sai ta share ruwan tukuna kafin ta kama, wannan kuwa yakan ɗauki zagaye ɗaya ko biyu. Zagaye ɗaya na babbar ƙafar keke ya ɗan wuce mita 2. Ke nan keke zai iya yin mita 4 kafin birki ya fara ci sosai, kuma mita 4 sun fi faɗin lunguna da yawa a Nima. Ga kuma wata ƙa'ida: in gudu ya ninka sau 2, nisan tsayawa yakan ninka sau 4. Shi ya sa masu keken da suka san hanya sukan riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan tun kafin su iso gangara ko kasuwa, don rim ya bushe.

Aikin nan duka bai wuce minti 15 ba. Da damina a yi shi duk mako, ko duk ranar da aka ratsa laka. Da rani sau ɗaya ko biyu a wata ya isa. Roba tana da araha, rim yana da tsada, ƙafar yaron maƙwabci kuwa ba a sayar da ita a kasuwar Nima. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ɓarnar maiƙo da ta yashi?
2. Don me ake zuba ruwa zalla kafin a fara guga?
3. Me ya sa ba a wanke rim da kananzir?
4. Yaya mutum zai gane cewa rim ɗinsa ya ci?