Milimita Ɗaya Tsakanin Fistin Da Kan Silinda

Duk wanda ya ratsa Kura zuwa Kadawa ko Bunkure da rani zai ji ƙugin injinan ban ruwa. Ko da yake ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da kansa yake gangarowa ta magudanai, manomin da gonarsa ke kan tudu ko nesa da magudana ba shi da madogara sai inji. Lafiyar injin nan kuwa ta rataya a kan wata 'yar tazara da ido ba ya gani.

Idan fistin ya hau iyakar hawansa, ba ya taɓa kan silinda. Akwai rata a tsakaninsu, wadda masu haɗa injinan motocin tsere a Amurka da Turai kan bari kimanin milimita 1. Dalili shi ne ƙarfe yana buɗewa idan ya ɗau zafi, sandar fistin kuma tana ɗan miƙewa idan gudu ya yi gudu. Ƙaramin injin ban ruwa mai juyi 3,600 a minti yana kai fistin sama sau 60 a daƙiƙa guda. Idan ratar ta yi kaɗan, ƙarfe zai sari ƙarfe. Idan ta yi yawa, matsi zai ragu, iska da mai ba za su cakuɗu sosai ba, sai inji ya yi ta shan fetur ba ƙarfi. Tun wajen 1919 Harry Ricardo na Ingila ya nuna cewa matse cakuɗin nan a lungu yana gyara ƙonewar mai.

A nan gizo ke saƙar. Inji ya yi zafi, kan silinda ya karkace, sai a kai a kankare shi, a mayar ba tare da an auna abin da aka rage ba. Wani bakaniken ya sa gaskit da ya fi na asali siranta, wani ya haɗa biyu, kowa da kintacensa. Alhali awon ba wuya: a zura wayar dalma ta ramin fulogi, a juya inji da hannu, a zaro, a auna kaurin inda ta baje.

Ni a ganina har da laifin harshe. Mukan ce inji "ya buga", ko fistin ne ya daki kai, ko mai ne ke fashewa ba bisa ƙa'ida ba, ko kuwa ƙarafan ƙasa ne suka cinye. Cuta uku, suna ɗaya, to yaya mai gona zai tuhumi mai gyara?

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowace lita ta zama abin lissafi, har wasu manoma suka mayar da injinansu masu amfani da gas. Tumatir kuwa ba ya jiran a sake buɗe inji karo na biyu. 'Yan kwanaki ba ruwa a lokacin fure sun isa su rage kwandunan da za a kai Kwanar Gafan.