Battar Mahaifina: Me Aka Gada, Me Za A Bari?

Ranar da aka raba gadon mahaifinmu a ƙauyenmu da ke kusa da Ɗambatta, hankalin 'yan'uwana yana kan gonaki, ni kuwa na roƙi battarsa ta taba. Ta ɗanyar fata ce, irin wadda ake ɗorawa a kan curin yumɓu, idan ta bushe a farfasa yumɓun a zazzage. Murfinta na kamawa gam, domin kada hunturu ya shanye danshin garin taba.

Kwanakin baya wani abokina a Abuja ya nuna mini akwatin katakon da shi ma ya gada, wanda ake adana naɗaɗɗen ganyen taba irin na ƙasar Kuba. Aikinsa shi ne riƙe danshi a wajen kashi 70 cikin ɗari, alhali iskar Kano kan sauka ƙasa da kashi 20 da hunturu. Ashe hikimar ɗaya ce.

Abokina ya sake cika akwatinsa, wai girmama mamaci ke nan. Ni na kasa, domin ina tuna tarin da ya hana tsohon nan barci a shekarunsa na ƙarshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutane sama da miliyan 7 kowace shekara.

Na wanke battar, na shanya ta, na zuba irin rama da zan shuka da damina. Abin da ya kamata mu gada daga magabata shi ne iya adana abu; jarabarsu kuwa a bar ta a kushewa. Allah ya jiƙansu, amin.